Jagorar Tace Bidiyon Gida: Yadda Ake Gyara Shi, a Matse Shi, a Ɗora Shi Ba Tare da an Lalata Shi Ba

A yau da wuya a ɗaura aure, ko a yi suna, ko saukar karatu a Azare ba a ga wayoyi a sama ba. Haka abin yake a Jama'are da Misau da Gamawa da Giade da Shira, har cikin ƙauyuka. Ɗaukar bidiyo ta zama ta kowa, amma sanin yadda ake sarrafa shi bayan an ɗauka bai yaɗu ba tukuna. Mu da muke sana'ar tace bidiyo, koke iri ɗaya muke ji kullum. Hoto ya dushe har ba a gane fuskar ango. Ƙarar janareta ta danne addu'ar liman. Fayil ya yi nauyi ya ƙi tafiya, data ta ƙare a rabin hanya. Mafi muni, an ɗora abin da bai kamata idon bare ya gani ba. In ka tambayi mai bidiyon ina na asalin, sai ya ce ya goge don wayarsa ta cika.

Na rubuta wannan jagora domin ƙannenmu maza da mata da ke fara wannan aiki, ko don neman na kansu ko don adana tarihin gidansu. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan. Na farko, duk lokacin da aka matse bidiyo, wani ɓangare na kyansa ya tafi kuma ba zai dawo ba. Na biyu, duk bidiyon da aka ɗora a intanet ya fita daga hannun mai shi. Dukkan matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka gina su.

Kayan aikin da ake buƙata

• Waya ko kwamfuta. Wayar Android irin su Tecno, Infinix ko Samsung ta isa, muddin tana da sarari. Ka bar wurin da ya kai ninki biyu na nauyin bidiyon da za ka yi aiki a kai, domin manhaja tana buƙatar wurin juyawa.

• Manhajar tacewa. A waya akwai CapCut, InShot, VN da KineMaster. A kwamfuta akwai Shotcut, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, sai DaVinci Resolve ga mai kwamfuta mai ƙarfi. Don sauya fayil da matse shi, HandBrake da VLC sun wadatar, su ma kyauta ne. Ka sauke su daga inda masu su suka ajiye. Manhajar da aka fasa aka cire mata biyan kuɗi takan zo da ɓoyayyen abin da ke satar bayanan waya.

• Ma'ajiya ta biyu: filash ko memori ko babban faifan ajiya na waje, da igiyar USB ko ɗan OTG na jonawa da waya.

• Iyafis mai kyau, don lasifikar waya ba ta bayyana aibin sauti.

• Fawa bank cike da caji.

• Ƙarfen ɗora waya mai ƙafa uku, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, in da hali.

• Takarda da biro.

Mataki na 1: Gyara yana farawa tun wajen ɗauka

Babu manhajar da za ta mayar da mummunar ɗauka kyakkyawa. Kafin ka danna, ka yanke shawarar inda bidiyon zai je. In YouTube ne ko talabijin ɗin falo, ka riƙe wayar a kwance. In TikTok ne ko sitatus na WhatsApp, ka riƙe ta a tsaye. Kada ka juya ta ana cikin ɗauka, don hoton zai kwanta a gefe. Hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katagum, misali, a kwance ya kamata a ɗauke shi, saboda dawakai gefe suke tafiya, kuma ɗaukar tsaye takan yanke rabin ayari.

Ka goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ta cika gari. Yawancin abin da ake ɗora wa laifin waya, datti ne a kan gilashi. Haske ya kasance a bayanka yana faɗa wa fuskokin mutane. In ka fuskanci taga ko rana, duhun mutum kawai za ka samu. Kada ka jawo hoto da yatsu, ka matsa kusa da ƙafarka, domin jawowar waya yanke hoton take yi ta buɗa shi, sai ya fashe. Kowace ɗauka ka tsaya cik na aƙalla daƙiƙa goma, don ka sami abin yanka daga baya.

Ka saita kyamara a 1080p. Ɗaukar 4K tana cin wuri ninki uku ko fiye, tana zafafa waya, kuma mafi yawan masu kallo ba za su ga bambancin ba. In ka ga haske yana ƙyaftawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, dalilin shi ne wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuma tana ɗaukar hoto 30 ko 60. In wayarka ta ba da dama, ka mayar da ita 25 ko 50. Ka nisanci janareta da bakin lasifika, ka kusanci mai magana. Ka sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka ana tsakiyar ɗaurin aure. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, ka riƙa kare ta daga rana, don in ta yi zafi da yawa kyamara takan rufe kanta.

Mataki na 2: Kwashe na asali ka ajiye a wuri biyu

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne aka fi yin da-na-sani a kansa. Kafin ka buɗe kowace manhaja, ka kwafi dukkan fayilolin zuwa filash ko kwamfuta. Ka buɗe folda, ka ba ta suna mai ma'ana da kwanan wata, kamar “2025-04-12 Saukar karatu Azare”. In shekara ta zo farko, foldodi za su jera kansu bisa tsari. Kada ka goge komai daga waya sai ka buɗe kwafin ka ga yana tafiya har ƙarshe.

In kana tattara bidiyo daga wayoyin 'yan'uwa, kada ka ce su turo maka ta WhatsApp yadda aka saba. WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. In aka tace wannan, aka fitar, aka sake turawa, ya zama kamar fotokwafin da aka yi daga fotokwafi, kowane ya fi na bayansa dushewa. Ka karɓa ta igiya ko Xender in kuna kusa. In mutumin yana Kano ko Legas ko Saudiyya, ya turo a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura fayil. Ta nan WhatsApp ba ya taɓa shi, kuma tun 2022 yana karɓar fayil har na GB 2.

A kula da memorin jabu. Akwai waɗanda aka rubuta musu GB 64 alhali cikinsu bai kai haka ba. Za su nuna sun karɓi fayil, ranar buɗewa a tarar ya lalace. Ka gwada sabon memori ta hanyar cika shi da fayiloli da buɗe na ƙarshen. Haka kuma, filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce GB 4. A mayar da shi exFAT, amma a tuna yin hakan yana share duk abin da ke ciki.

Mataki na 3: Ceto tsofaffin kaset da faifai

Gidaje da yawa a ƙasar Katagum suna da kaset ɗin bidiyo da faifan sidi a cikin akwati: auren iyaye, dawowar kaka daga aikin hajji, hawan sallah na zamanin marigayi Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar, wanda ya yi sarauta daga 1980 zuwa 2017. Zafi da ƙura da danshin damina suna cin waɗannan a hankali, na'urorin kunna su kuma suna ƙarewa. Wanda ke da su ya hanzarta.

In faifan VCD ne, ka sa shi a kwamfuta, ka buɗe foldar MPEGAV. Fayilolin da ke ƙarewa da DAT su ne bidiyon. Ka kwafe su zuwa kwamfuta, VLC zai kunna su kuma zai iya sauya su zuwa MP4. In DVD ne, ka nuna wa HandBrake foldar VIDEO_TS, zai haɗa guntayen ya fitar da fayil guda. In ka ga zane-zanen layi a gefen duk abin da ke motsi, ka kunna matatar haɗe layuka da ke cikin HandBrake, domin tsohon talabijin rabi-rabi yake nuna hoto. Faifan da ya yi datti a goge shi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye.

Kaset kuwa yana buƙatar na'urar bidiyo mai aiki, da ƙaramin abin jonawa na USB mai bakuna uku, ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti, sai manhajar naɗa irin OBS Studio. Ka zaɓi tsarin PAL, wanda shi Najeriya ke amfani da shi. Kaset na awa uku, awa uku zai ɗauka, babu gajeriyar hanya. In ka ga farin fumfuna a jikin zaren, kada ka sa shi a na'ura, zai ɓata kan da ke karantawa.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na ɗaya, a miƙe tsohon hoto don ya cika faffaɗan allo, sai fuskoki su baje. Tsohon bidiyo 4:3 ne, a bar shi haka da baƙi a gefe biyu. Na biyu, a ɗauki VCD mai girman 352 da 288 a fitar da shi a 1080p ana zaton zai yi kyau. Nauyi kawai zai ƙara.

Mataki na 4: Kalli komai kafin ka yanka komai

Ka zauna da takarda da biro ka kalli dukkan abin da aka ɗauka. Ka rubuta sunan fayil, da mintin da abu mai muhimmanci ya faru, da wuraren da hoto ya girgiza ko wani ya gitta. Ka sa alama ta daban a duk inda aka ga abin da bai dace a nuna ba. Wannan zama yana kama da ɓata lokaci, amma shi ke hana ka yin kwana uku kana jan hoto gaba da baya ba ka san abin da kake nema ba.

Daga nan ka yanke shawarar tsawo. Galibi biki guda yana buƙatar bidiyo iri biyu: cikakke na iyali, wanda za a ajiye a gida, da gajere na minti uku zuwa biyar na turawa. Wanda ke nesa, yana kallo da datarsa, ba zai zauna awa biyu ba.

Mataki na 5: Yanka da jerawa

Ka buɗe sabon aiki a manhaja, ka fara zaɓar siffar allo, 16:9 na kwance ko 9:16 na tsaye, kafin ka shigo da komai. In ka sauya daga baya, duk rubutu da saitin da ka yi za su goce. Ka jera guntayen bisa yadda abin ya faru: isowar baƙi, ɗaurin aure, addu'a, gaisuwa, walima. Ka cire farkon kowace ɗauka da ƙarshenta, inda hannu ke rawa. Ka cire inda aka ɗauki ƙasa ko bayan wani, da inda ake tauna abinci.

Kada ka yanke mutum a tsakiyar magana, balle a tsakiyar aya ko addu'a. In karatu ya yi tsawo, ka jira inda mai karatu ya tsaya. A bidiyon saukar karatu wannan wajibi ne, domin yanke aya a inda bai dace ba yana iya juya ma'ana.

Masu farawa suna son kowace mahaɗa ta zo da juyi da walƙiya da taurari. Wannan yana gajiyar da ido, kuma yana ƙara dushewa bayan matsi, don motsi mai yawa ya fi cin bayanai. Yanka kai tsaye ya fi kyau a mafi yawan wurare. Narkewar hoto cikin hoto a bar ta ga inda lokaci ko wuri ya sauya, kamar daga masallaci zuwa gida. Ka tuna kuma cewa manhajar waya ba ta kwafar bidiyonka, hanyarsa kawai take riƙewa. In ka goge fayil ko ka matsar da shi kafin ka gama, aikin zai zama wayam.

Mataki na 6: Gyaran sauti

Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma ba sa haƙuri da sautin da ba a ji. Ka sa iyafis ka saurari aikin daga farko zuwa ƙarshe. Ka daidaita ƙarfin guntayen don kada mai kallo ya riƙa ƙarawa yana ragewa. Inda layin sauti ya yi ja, ya wuce kima, a rage. Abin rage hayaniya da ke cikin manhaja yana taimakawa a kan gunjin janareta, amma in aka cika shi murya takan koma kamar daga cikin rijiya. A sa kaɗan, a saurara, a ƙara in da buƙata.

In za ka sa kiɗa, ka sauke shi ƙasa sosai duk inda ake magana, ka cire shi gaba ɗaya inda ake addu'a ko karatu. Muryar kaka tana sa albarka ta fi kowace waƙa daraja a wajen iyali. Sannan waƙoƙin mawaƙanmu na Hausa suna da masu su, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare su. YouTube yana da tsarin da ake kira Content ID mai gane waƙar da aka yi wa rajista ko da a bayan fage take. Zai iya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar, Facebook kuma yakan kashe sautin. Wannan ya shafi har waƙar da mai kiɗan biki ya kunna a wurin. Ka nemi izini, ko ka ɗauko daga rumbun kiɗan kyauta na YouTube, ko ka bar sautin wurin yadda yake.

Mataki na 7: Rubutu da launi

Ka sa suna a farko: wane taro ne, a ina, yaushe. Nan da shekara ashirin wannan rubutun zai fi komai amfani. Ka zaɓi harafi mai kauri, fari a kan duhu, ka nisantar da shi daga gefen allo, inda TikTok da sitatus ke ɗora nasu alamomin. Ka duba ko salon harafin yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu akwati suke nunawa a madadinsu. Ka tabbatar da sunaye da sarautu daga bakin masu su. Kuskure a sarautar mutum ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan.

A gyaran launi, ɗan ƙarin haske ya isa. Matatun da ke mayar da fata fara tas suna share kamannin mutum, su kuma sauya launin ankon da aka sha wahala wajen zaɓa. In manhaja ta maƙala tambarinta a ƙarshe ko a gefe, ka duba hanyar cire shi ta halal kafin ka fitar.

Mataki na 8: Fitar da uwar bidiyo

In ka gama, ka fitar da kwafi guda mai cikakken kyau. Shi muke kira uwa, daga gare shi za a ciri duk sauran. Ka zaɓi MP4 mai tsarin H.264, sauti kuma AAC. Wannan haɗin kusan kowace waya da talabijin mai bakin USB suna karanta shi. Sabon tsarin HEVC, wanda iPhone ke ɗauka da shi, ya fi rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba sa buɗe shi, sai a ji murya babu hoto. Girma da yawan hoto a daƙiƙa su kasance daidai da yadda aka ɗauka. Wanda aka ɗauka a 30 aka fitar a 60 bai ƙaru da komai ba sai nauyi.

Abin da ke yanke nauyin fayil shi ne bitiret, wato yawan bayanan da ake zuba wa kowace daƙiƙa, ana auna shi da Mbps. YouTube yana ba da shawarar 8 ga 1080p, 5 ga 720p, da 2.5 ga 480p. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka lambar da 7.5, ka sami MB na kowane minti. Ke nan 8 tana ba da MB 60 a minti, 5 tana ba da kusan 38, 2.5 kuma kusan 19. Bidiyon minti goma a 1080p zai kai MB 600. Wanda ya san wannan lissafi ya san datar da zai saya tun kafin ya fara. Ka jona waya a caji, ka rufe sauran manhajoji, kada ka fita daga manhajar sai ta gama. Bayan haka ka kalli fayil ɗin gaba ɗaya.

Mataki na 9: Matse ƙananan kwafi

Dokar nan guda ce: kowane ƙaramin kwafi daga uwa ake cirarsa, ba daga wani ƙaramin ba. A HandBrake, ka buɗe uwar, ka zaɓi saitin 720p, ka bar lambar RF tsakanin 20 da 23. In lambar ta hau, nauyi yana raguwa, kyau ma yana raguwa. In ta sauka, duka biyun suna ƙaruwa. Ka fara gwada minti ɗaya daga wurin da motsi ya fi yawa, kamar sukuwar dawaki, domin a nan fashewa take fara bayyana. Wanda ba shi da kwamfuta ya koma cikin manhajar tacewa ya sake fitar da aikin a 720p ko 480p.

Ka tuna da masu karɓa. 'Yan'uwa a ƙauyukan da sabis ke da rauni za su fi jin daɗin MB 20 da ya sauka a kan MB 200 da ya tsaya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, rage wa mutane nauyi ya zama wani ɓangare na kyautatawa.

Mataki na 10: Neman izini

Magana zarar bunu ce, bidiyo kuma ya fi ta. Ko ka goge bayan minti biyar, wani ya riga ya sauke. Tsarin kallo sau ɗaya na WhatsApp ma ba kariya ba ne, don ana iya ɗaukar allon da wata wayar.

Taron mata, irin su kamu da sa lalle da wuni, wuri ne da mata ke sakewa saboda sun san tsakaninsu ne. Ya fi dacewa mace ta ɗauka, mace ta tace, kuma kada ya wuce waɗanda amarya da iyayenta suka amince. Amincewar amarya ba ta wadatar ga ƙawarta ko matar yayanta da suka fito a ciki ba. Wadda ba ta yarda ba, a yanke wurin ko a dusar da fuskarta. Yara kuma sai da yardar iyayensu, kuma kada a nuna sunan makarantarsu. Mara lafiya a gadon asibiti da gawa ba abin ɗorawa ba ne.

Akwai batun tsaro. Nuna lefe, da kayan ɗaki, da lambar mota, da ƙofar gida, sanarwa ce ga ɓarayi. Waya takan kuma liƙa wa fayil bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma yana bin fayil ɗin da aka tura a matsayin takarda, don haka a kashe wannan a saitin kyamara. Sai batun liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wajen biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka, kuma bidiyon da aka ɗora a intanet ne yakan zama hujja. Kada aikinka ya jefa wanda ya gayyace ka cikin shari'a.

Mataki na 11: Ɗorawa

Kowane dandali da abin da ya dace da shi. A YouTube da Facebook da TikTok, ka ɗora uwa in data ta isa, domin su ma za su sake matsewa, gara su sami mai kyau. YouTube yana da matsayi uku: na kowa da kowa, na wanda aka ba adireshi kaɗai, da na sirri wanda sai waɗanda ka gayyata da imel. Ga bidiyon iyali, na biyu ko na uku ya fi dacewa, amma a sani duk wanda ya sami adireshin yana iya tura wa wani. Sabon asusu ba ya ɗaukar fiye da minti 15 sai an tabbatar da lambar waya. Google Drive yana ba da GB 15 kyauta kuma ba ya rage kyan fayil ga mai saukewa, don haka ya dace da aika cikakken bidiyo ga na nesa. A WhatsApp, ka danna alamar HD kafin turawa, ko ka tura a matsayin takarda. Na sitatus ka yanka shi guntu-guntu da kanka a inda magana ta ƙare, kada ka bar wa manhaja.

Ka ɗora da dare ko da asuba, lokacin da layi ya yi sauƙi, kuma kamfanonin sadarwa suna da tsarin datar dare mai rahusa. Ka sami wurin da sabis ya tsaya, ka jona caji. In aka gama ɗorawa ka ga hoto a dushe, kada ka yi gaggawar gogewa, YouTube ƙaramin kwafi yake fara fitarwa kafin babban. Ka ba bidiyon suna bayyananne da Hausa, sannan ka buɗe adireshin a wata wayar ka ga abin da bare zai gani.

Mataki na 12: Adanawa da rufe aiki

Dandalin sada zumunta ba ma'ajiya ba ne. Ana rufe asusu, ana sace shi, ana manta lambar sirri, kamfanoni kuma suna sauya doka. A Fabrairun 2025 Facebook ya fara goge bidiyon da aka yaɗa kai tsaye bayan kwana 30. Saboda haka ka ajiye na asali da uwa a wuri biyu, ɗaya a wani gidan daban, ka riƙa buɗe su ko da sau ɗaya a shekara, ka kwafe zuwa sabuwar ma'ajiya kafin tsohuwar ta gaji.

In aikin kuɗi kake yi, ku yi magana da mai biki tun farko: wa zai karɓi uwa, tsawon wane lokaci za ka riƙe kwafi, kuma ko ya yarda ka nuna wani yanki don tallar aikinka. In bai yarda ba, shi ke nan. Idan wa'adi ya cika, ka goge daga wayarka har da kwandon shara. Kafin ka kai waya gyara ko ka sayar da ita, ka cire memori ka kwashe bidiyon mutane, domin ta wannan ƙofa sirrin gidaje da yawa ya fita.

Ka fara koyo da ƙaramin abu, minti ɗaya na kasuwa ko na gona, ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya har hannu ya faɗa, kafin ka karɓi bikin da ba a maimaitawa. Ƙwarewa tana zuwa da yawan yi. Amma a gari irin Azare, inda kowa ya san gidan kowa, wanda aka shaida da riƙon amana shi ake buɗe wa ƙofar cikin gida, shi kuma ake sake kira. Allah ya sa albarka a sana'a.